Kira Ga 'Yan Acabar Rano Da Kibiya: Rigar Sanyi Daban, Rigar Kwalta Daban

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da jama'a da yawa za su ga kamar ƙarami ne, alhali kuwa yana kwantar da magidanta da samari a ƙasar Rano da Kibiya kowace shekara. Maganar kuwa ita ce ta irin rigar da 'yan acaba da sauran masu hawa babur suke sakawa a jikinsu.

Ni dai ba ɗan acaba ba ne. Manomi ne ni, in an kawar da amfanin gona kuma ina ɗan taɓa tireda a kasuwannin ƙauye. Amma duk wanda yake zaune a wannan yanki ya san babur shi ne jakinmu na yanzu. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhun masara da na gyaɗa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Daga Rurum zuwa Rano, daga Tarai zuwa Kibiya, in ka tsaya jiran mota sai kasuwa ta watse ba ka iso ba. Tun kuma watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a kan babur a cikin birnin Kano bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, samarinmu da yawa da ke acaba a birni suka tattaro suka dawo gida da baburansu. Birni ya koma A Daidaita Sahu, acaba ta zama sana'ar karkara. Saboda haka maganar nan tamu ce, ba ta mutanen birni ba.

Abin da na lura da shi shi ne, ɗan acabarmu ba ya tuna riga sai hunturu ya kama. Daga Disamba zuwa Janairu, in za ka fita da asuba ɗauko kwandunan tumatir a fadamun Bunkure, iskar nan sai ka ji kamar ana tsaga maka ƙirji da reza. To a lokacin ne kowa zai ruga wajen 'yan gwanjo ya ɗauko rigar sanyin nan mai santsi mai kumbura, wadda aka cusa wa wani abu kamar auduga. Tana da araha, ba ta da nauyi, tana kuma tare iska, ban musa ba. Da zarar bazara ta shigo sai a rataye ta a ƙusa, a koma 'yar shara ko rigar ƙwallo. Wato dai sanyi kaɗai muke yi wa shiri. Kwalta kuwa ba ta san hunturu ba, ba ta san bazara ba, kullum tana nan a shimfiɗe tana jira.

Jama'a, mu ɗan yi lissafi. Babur in yana tafiyar kilomita 50 a awa, wanda 'yan acabarmu ba sa ma ɗaukar sa gudu, yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. In akuya ta gifta ko taya ta taka yashi mutum ya faɗi, ba nan take yake tsayawa ba. Jikinsa zai ci gaba da tafiya a ƙasa, kwalta tana gurzar sa kamar yadda ake gurza rogo, mita goma ko fiye kafin ya tsaya. Tafin hannu ne ke fara sauka, sai gwiwar hannu, sai kafaɗa da ƙugu. Abin da ke tsakanin fatar mutum da titi a wannan ɗan lokaci, shi ne zai sa ko dai ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ɗaga babur, ko kuma ya yi wata guda yana kwana ta gefe ɗaya.

Ita rigar sanyin nan mai santsi, zarenta na roba ne, kuma sirara ce kamar bayan albasa. Tana taɓa kwalta take yagewa. Abin da ya fi muni, gurzar tana haifar da zafi, zaren roba kuwa narkewa yake yi, in babu wata riga a ƙarƙashi sai ya manne a cikin ciwon. Duk wanda ya taɓa ganin yadda leda ke yi in ta faɗa murhu ya fahimci abin da nake nufi. Akwai wani ɗan maƙwabcina da ya zame a kan hanyar Kibiya ana tsakiyar noman farko. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba, amma fatar hannunsa tun daga gwiwa har kafaɗa ta ɗaye. Ma'aikacin asibiti ya daɗe yana tsince tsakuwa da zaren riga daga cikin naman, yaron yana ihu. Sati biyar bai riƙe fartanya ba, bai hau babur ba, ga mai babur yana jiran balas ɗinsa na kullum, ga ciyawa ta cinye dawa, dole uban ya sayar da tunkiya ya sa 'yan ƙwadago. Mutane suna cewa ai ya auna arziki, ƙujewa ce kawai. Haba jama'a, ƙujewar da ta ci tunkiya da rabin damina ai ta wuce a kira ta kawai.

To wace riga ce ke jure wa kwalta? Gaskiya ɗaya ce, fata tana cikin abubuwan da suka fi jurewa. Ku duba masu tseren babur na ƙasashen Turai da ake nunawa a talabijin, da duk kuɗinsu da iliminsu, fata suke sakawa tun daga wuya har idon sawu. Za ka ga mutum ya faɗi yana gudun da ya ninka namu sau uku, ya zame kamar tabarma, ya miƙe da ƙafarsa. A gwajin da suke yi a can, wandon jins na auduga zalla ba ya cika daƙiƙa guda a kan na'urar gurza kafin ya huje, fatar saniya mai kyau kuwa takan kai daƙiƙa huɗu ko fiye. Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajen Bahaushe. Kakanninmu da warki suke shiga daji da gona, domin sun san ƙaya da kututture ba sa cin fata kamar yadda suke cin saƙi.

Sai dai a nan ne ake cutar mutane, domin ba duk abin da ke ƙyalli ne fata ba. Rabin rigunan da ake kira na fata a kasuwa roba ce aka shafa a kan yadi. An ce ma kalmar leda da muke kiran roba da ita, asalinta sunan fata ne a bakin Bature, kun ga ke nan ruɗanin ya daɗe. In za ka saya, leƙa ta ciki inda shafin ya ɗan buɗe. Bayan fata ta gaskiya gashi-gashi ne mai kaushi, ta jabu kuwa za ka ga saƙar yadi. Shinshina ta, fata tana da ƙanshinta da kowane Bahaushe ya sani. Dubi wuya da bakin hannu, ta jabu nan take fara ɓarewa kamar jikin ƙadangare. Ko a cikin fatar gaskiya ma akwai ta ado, wadda ake yi da fatar tunkiya, mai laushi kamar ƙyalle. Wannan ta zuwa zance ce, ba ta hawa babur ba. Wadda ake so ita ce ta saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, wato in ka matse ta da yatsu biyu ka ji ta cika hannu, in ka ɗaga ta ka ji nauyi. Fatar akuya ma tana da ƙarfi sosai in ba a fere ta ta yi siriri ba, ga ta kuma ta fi ta saniya laushi da rashin nauyi.

Abin da ke ba ni takaici, Malam Edita, shi ne a ce a Jihar Kano ne ake neman fata ana rasawa. Fatar jar akuyarmu ta ƙasar Hausa ita ce ta ratsa Sahara tun zamanin fatake har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, saboda ta can take isa hannunsu. Ga majema a Ƙofar Wambai, ga kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa, ana jeme fatar ana loda ta zuwa Italiya da Sifen, a yi takalmi da jaka a sayar da tsada. Ta saniya kuma mun mai da ita ganda muna cinyewa a miya. Mai akuyar kuwa yana nan a Rano yana hawa babur da rigar leda.

Na san abin da ɗan acaba zai ce da ni, domin na sha ji a tasha. Zai ce, "Malam, kai da kake zaune a rumfa, ka taɓa sa rigar fata a watan Afrilu?" Wannan magana gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. Lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙar rigar fata tanda ce. Mutumin da zafi ya galabaitar kuwa, kansa na juyawa, idonsa na lumshewa, shi kansa haɗari ne a kan titi. Ga damina kuma, fata in ta sha ruwa nauyi take yi, in aka shanya ta a rana ta bushe ta ƙandare. Saboda haka ni ban ce kowa ya sa fata shekara zagaye ba. Fata ta hunturu ce da tafiyar asuba da ta dare, da kuma doguwar tafiya irin ta Rano zuwa Kano ta Bunkure da Karfi, inda ake sakin maƙura a kan kwalta. In ruwa ya taɓa ta a shanya a inuwa, a ɗan shafa mata man kaɗanya, za ta yi shekaru tana aiki.

Na bazara fa? A nan ne nake ganin ya kamata mu yi amfani da abin da ke hannunmu. Rigar jins mai kauri, ko ta kaki mai nauyi, ko ta yadin tamfol na auduga, ba su kai fata ba ko kusa, na riga na faɗa. Amma sun fi 'yar shara nesa ba kusa ba, suna shan iska, suna tsotse gumi, kuma ba sa narkewa. Dabarar ita ce, tunda mun san wuraren da ke fara taɓa ƙasa, sai a ƙarfafa waɗannan wurare kaɗai. A kai wa baduku ya ɗora fata a gwiwar hannu har zuwa tsintsiya, da kafaɗu biyu, da gadon baya in hali ya yi, a bar ƙirji da hammata yadi domin iska ta ratsa. A zaɓi launi mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka, domin baƙi yana jan rana, kuma da daddare direban mota ba ya hango shi. A ciki a sa singileti ko 'yar riga ta auduga. In rana ta take, ɗan yayyafa wa ta cikin ruwa, da ka hau babur iska ta bugo za ka ji sanyi har ƙashi. Da damina sai a ɗora rigar ruwa a sama, ba a mai da rigar ruwan ita ce rigar ba.

Kada a raina ɗinki. Riga ko ta fatar giwa ce, in zaren ɗinkin ruɓaɓɓe ne, a wajen haɗin kafaɗa za ta buɗe. A yi ɗinki layi biyu da zare mai ƙarfi irin na dukawa, kuma facin a ɗora shi a kan yadin, ba a yanke yadin a jona ba. Sannan rigar ta kama jiki. In ta yi burum-burum, da an faɗi za ta naɗe ta koma wuya, ta bar ciki da baya a fili. Bakin hannu ya zama da maɓalli ko maɗauri, ƙugu ma haka, kuma a ja zif ɗin har sama. Sau nawa muke ganin yaro ya sa riga mai kyau amma ya bar ta a buɗe tana kaɗawa a bayansa kamar tuta, wai shi gaye?

Wani abin kuma, a cikin dilar gwanjo a Ƙofar Wambai akan ci karo da ainihin rigunan babur na Turai, mai sayarwa ma wani lokaci bai san darajarsu ba, yana ganin sun yi tauri babu mai so. Alamarsu ita ce za ka ji wani abu mai tauri-tauri a gwiwar hannu da kafaɗa, ko ka ga aljihun da aka yi domin sa shi. A jikin takardar ciki akwai hoton ɗan mutum a kan babur da haruffan CE. Waɗanda aka yi daga 2020 zuwa yau sukan zo da harafin A, ko AA, ko AAA, kuma yawan harafin shi ne yawan ƙarfin. Wasu an yi su da wani yadi mai suna Cordura, shi ma zaren roba ne amma mai kauri da aka saƙa musamman domin gurza, ba irin na rigar sanyi ba. In ka ga an rubuta 500D ko 1000D, kaurin zaren ake nufi. Wasu kuma an shafe cikinsu da Kevlar, wani zare mai ruwan ɗorawa da wata mata Ba'amurkiya, Stephanie Kwolek, ta gano a kamfanin DuPont a 1965, wanda da shi ake yin rigar sulken sojoji, kuma ba ya narkewa. Akwai ma masu raga-raga a ƙirji da baya, an yi su ne domin ƙasashe masu zafi irin namu. Duk wanda Allah Ya haɗa shi da irin wannan, kada ya tsaya dogon ciniki. Sai dai ya sa ta auduga a ciki.

Wannan abu mai tauri na gwiwa da kafaɗa, aikinsa daban ne da na fata. Fata tana hana gurjewa, shi kuma yana rage ƙarfin bugu. Mu mutanen Rano ba sai an yi mana dogon bayani ba, muna ganin 'yan lifidi a hawan sallah. Magabata sun san sulke na tare kaifi ne, lifidi na tare duka, shi ya sa suka tanadi kowanne. Amma kada wani ya yanko soson katifa ya cusa ya ce ya yi lifidi, wannan da an danna shi yake lotsewa, ba ya tare komai.

Ba na so kuma in yi wa kowa ƙarya. Babu rigar da za ta hana ƙafa karyewa in mota ta buge ka, ko ta hana kai fashewa. Masu ɗori na gida da Asibitin Ƙashi na Dala ba za su rasa aiki saboda riga ba. Kai sai hular kwano, hannu sai safar fata, ƙafa sai takalmi rufaffe, ba silifa ba. Amma yawancin faɗuwar da muke yi a nan ba karo da mota ba ne. Zamewa ce a yashi, ko taɓo, ko rami, ko kaucewa dabba, ko lodi ya rinjayi babur a kan burji. Irin wannan kuwa ita ce riga take maganinta. Af, tunda maganar ciwo ta zo, don Allah a daina zuba man birki ko baƙin mai a kan ƙujewa. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a fitar da tsakuwar, a je asibiti a yi allura.

Mu ma fasinjoji muna da namu. Babbar riga da rawani da mayafi da dogon hijabi, in aka bar su suna reto, ƙafar baya ko sarƙa tana iya kama su ta fizgo mutum ƙasa ta wuya. Alhaji, tattare rigarka ka zauna a kanta. Iya, naɗe mayafinki ki riƙe a cinya. Ɗan acaba kuma ya waiwaya ya duba kafin ya ja, ba rashin kunya ba ne.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗan acaba yana aiki ne rabi domin gidan mai, rabi domin mai babur, abin da ya saura shi ne na cefane. In ka ce masa ya sayi rigar fata sai ya dube ka kamar ka zage shi. Amma ina so ya auna da kansa. Nawa yake kashewa a kan fitilu masu walƙiya da ƙahon mota da lilon da ake rataya wa babur? Nawa ne cinikin sati biyar in ya kwanta? Babur yana da kwalliya, mai shi yana tafe da tsumma. Araha dai ba ta ado, kuma riga ɗaya mai kyau za ta ga bayan rigunan leda biyar.

Wasu za su ce gwamnati ta sa doka. Ni ban goyi bayan wannan ba, domin mun ga yadda ta kaya. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Me ya faru? A Kano wasu ƙwarya suka kifa a ka suka ɗaure da igiya, wasu suka ɗauko hular leburan gini, har gidajen rediyon waje suka yi ta ba da labarinmu ana dariya. Bayan ɗan lokaci kowa ya watsar. In aka ce dokar riga, haka za a yi, kowa zai nemo mafi arahar da za ta raba shi da jami'i, a buɗe wa wasu sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin titi, fatar mutane kuma ta ci gaba da ɗayewa.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar 'yan acaba na tashoshin Rano da Kibiya ne. Kuna karɓar kuɗin tikiti kullum, kuna kuma sa mambobinku sayen 'yar rigar nan mai lamba mai ɗaukar ido. Tana da amfani wajen a hango mutum, amma ko ƙaya ba ta tarewa. Me zai hana ku zauna da teloli biyu ko uku da dukawan garin nan, a fitar da samfuri guda na jins ko kaki mai facin fata, a ɗinka lambar da ƙyallen mai ɗaukar ido a jikinta, riga ɗaya ta yi aiki biyu? In aka sayo yadin a dila daga Kantin Kwari, fatar kuma daga majema kai tsaye, kuɗin zai sauko ƙwarai. A yi adashe, duk sati mutum biyu ko uku su karɓi tasu, kafin hunturu ya zagayo tasha guda ta gama. Masu ba da babur haya su ma su haɗa da riga da hula a cikin yarjejeniya, tunda in yaro ya kwanta balas ɗinsu ne ke tsayawa. 'Yan siyasar da ke raba babura lokacin zaɓe kuma, don Allah a riƙa haɗawa da abin da zai kare mai hawan.

Ina fata wani daga cikin telolinmu ko dukawanmu da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, zai ɗinka guda ɗaya ya rataye a ƙofar shagonsa ranar kasuwa, 'yan acaba su taɓa su ji kaurinta, su tambayi kuɗinta. Ni kaina ina da yara biyu masu hawa babur a gidana, in an yi zan sayi biyun farko.

Allah Ya ƙara wa jaridarmu farin jini, Ya kiyaye mana hanya.



Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Rano, Jihar Kano.